Kwaɗon da Lasifika Ya Sa wa Hannu

An yi wani mutum a wata masana'antar buhuna, abokan aikinsa suna ce masa Lasifika saboda kaurin murya. In ya hau kan durom a bakin ƙofa yana caccakar manaja, sai ka rantse ciwon talaka ne ya hana shi ƙiba. Da wannan bakin ya sa suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ma'aikata. Ashe tusa ce, ba ta hura wuta.

A wurin, kowane inji yana da jan maɓalli a gefensa. In bel ɗin da ke juya injin ya kama rigar wani, duk wanda ke kusa sai ya danna, injin ya tsaya cak. Da shi kuma suke yajin aiki: in aka zalunci ɗaya, kowa ya danna nasa, ɗakin injuna ya yi tsit. Masu kamfani sun tsani maɓallin nan kamar mutuwarsu.

Ranar zaman yarjejeniya aka hau da shi bene, aka ba shi kujera mai juyawa, manaja da kansa ya zuba masa ruwan sanyi. Nan take kan Lasifika ya kumbura. Masu kamfani suka ce za su ƙara albashi, shi kuma su ba shi ofis, da sharaɗin a rufe kowane maɓalli da akwatin ƙarfe da kwaɗo, makulli ya zauna a hannun mai kula da ɗaki. Ya sa hannu, ko gezau.

Ya sauko ya hau durom, ya karanta ƙarin albashi da ƙarfi, ya tsallake shafi guda. Wata dattijuwa mai ɗinkin bakin buhu ta ce, "Ɗana, karanta mana wanda ka juye da sauri."

Ya ce, "Inna, wannan maganar lauyoyi ce, ba za ki gane ba."

Ya 'yan uwa, akwai wulaƙancin da ya wuce ka raina wanda ya ɗora ka?

Ranar Litinin ma'aikata suka tarar da kwaɗo a kan kowane inji. Babu wanda ya zage shi, gaisuwa kawai suka daina. Matarsa ta ce ya je ya nemi gafararsu, ya ce hassada ce ke damunsu. Da zaɓe ya zo suka yar da shi. To, me kamfani zai yi da makiyayin da ba shi da garke? Aka karɓe kujerar, aka mai da shi bakin aiki a inji na huɗu.

Girman kai ya hana shi sa kayan aiki. Ya zo da rigar ofis mai faɗin hannu, wai kada a ga ya faɗo. Kwana uku da komawarsa, da rana tsaka, bel ya cafke hannun rigar. Mutanen da ya sayar su ne suka ruga wurin maɓalli, suka tarar da kwaɗo. Mai kula da ɗaki ya fita cin abinci, makulli na aljihunsa. Dattijuwar nan ce ta jawo guduma aka fasa kwaɗon, amma kafin nan injin ya cinye hannunsa na dama har gwiwar hannu, wanda ya riƙe alƙalami da shi a bene.

Da ya nemi diyya, aka buɗe masa shafin da ya tsallake. A ƙasan maganar kwaɗo an rubuta cewa wanda ya ji ciwo ba da kayan aiki a jikinsa ba, shi ya jawo wa kansa. Sa hannunsa na nan ƙasa, raɗau.

Ya 'yan uwa, wakilci amana ce. In jama'a suka aike ka da bakinsu, ba naka ba ne balle ka sayar. Ramin da ka haƙa musu, kai ma ta nan kake wucewa kullum.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka ɗora mu, ya sa mu sauka da mutuncinmu. Amin.