Jajayen Furannin Madam Edna

Akwai wata mata a unguwar Bekaji ta Yola, sunanta Madam Edna. Ta daɗe da yin ritaya daga sakatariya, amma har gobe in ka gaishe ta sai ta dube ka kamar ka zo neman fayil ba ka bi layi ba.

Da aka sa ranar auren 'yarta Hadassah, sai ta ce ba za ta kai katin biki wurin masu bugawa ba, kada su yi mata irin na kowa. Firinta za ta saya ta buga da kanta. Ta ƙirƙiro wani kati mai kauri na ranar coci: gaba hoton amarya da ango cikin jajayen furanni, baya tsarin sujada, a manna masa mariƙin katako ya zama mafici.

Burinta ɗaya ne: dangin ango da za su zo daga Numan su koma sun san irin gidan da ɗansu ya shiga.

Ta hau keke Napep zuwa shagon wani mai sayar da injina a Jimeta, ana ce masa Abba.

"Madam, tunda kati ne, ki ɗauki mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba," in ji Abba. "Kuma wadda ke cin takarda ta baya. Kati mai kauri in aka lanƙwasa shi maƙalewa yake yi."

Ya jawo guda biyu, ya buga hoton a kowace. Ta farko ta fito da furanni ja jawur, har suna ɗaukar ido. Na ta biyun sun ɗan yi sanyi.

"Wannan," ta ce, ta ɗora yatsa kan ta farko.

"Ta fi haske kam. Sai dai tawadarta ba ta shiri da ruwa. Waccan kuwa ko a kogi katin ya faɗa, amarya na nan tana murmushi. Bari in ɗiga ruwa ki gani."

"A cikin Binuwai aka ce maka zan yi bikin? Watan Maris muke, Abba. Ruwan daga ina?"

Abba ya buɗe baki. Ta ɗaga masa hannu irin yadda take yi wa masinja a da. Ya rufe bakinsa, ya ɗaure kwali.

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin Maris a Yola ya sani: in sama ba ta ba da ruwa ba, mutane ke bayarwa.

Katunan suka fito gwanin kyau. Kyan ne ma ya sa Madam Edna ta ga ba kowane hannu ya dace da su ba. Ranar biki ta tsaya a ƙofar coci tana rabawa da kanta: daraktoci, matan manya, dangin ango.

Sai ga Rebeka da matan Luggere, unguwar da Edna ta yi zaman haya kafin Allah ya ɗaga ta. Rebekan nan ita ta goya Hadassah duk shekarun da uwar ke ofis.

"Adda Edna, namu fa?"

"Ya ƙare," in ji Edna, tana rungume da dami guda a ƙirji. "Ku zauna baya, daga can ma ana ji."

Suka koma baya suna fifita da bakin mayafi.

Rana ta take. Aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari ya yi shiru. Rufin kwano ya fara gasa mutane. Nan fa mafitan Madam Edna suka tashi aiki, kowa na kaɗawa, yana sauya hannu, yana share goshi da wuya. Wasu ma da katin suke kwalfe zufar. Edna ta waiga ta ga furanninta na rawa a kujerun gaba, ta gyara zama.

Fasto ya kai inda ake tambayar ango ko ya yarda ke nan, sai uwar ango, Mama Virtue, ta dubi tafin hannunta. Ja. Ta shafa wuya. Ja. Ta juya ga mijinta, ta ga abu na gangarowa daga bayan kunnensa zuwa farar riga.

"Jini! Wayyo Allah, jini!"

Kun san garin nan. Tun shekarun tashin bama-bamai, in aka yi ihu cikin taro ba mai tsayawa tambaya. Kowa ya dubi na kusa da shi, ya ga na wancan ya fi muni, ya ƙara wuta. Wani darakta da likita ya hana hawa bene, da idona na ga ya tsallake katanga bai taɓa ta ba. Mai ganga ya fita ta taga da gangar a wuya.

Edna ta dubi ƙirjinta inda ta rungume damin, ta ga farin leshi ya jiƙe jawur. Ta zube kan kujera tana cewa, "Sun same ni! Ku kula da Hadassah!"

Matan Luggere su ma sun miƙe. Amma ba su ji ƙara ba, kuma da suka duba jikinsu, fes. Rebeka ta sunkuya ta ɗauki kati ɗaya daga ƙasa. Furannin babu. Ango ba hanci. Ta goga shi a goshinta, ta nuna wa matan, sannan ta taka har gaba.

"Adda Edna, tashi. Ba jini ba ne. Furanninki ne."

Edna ta dubi katin, ta dubi rigarta, ta dubi cocin da ya zama wayam. Amarya na kuka, fasto ya leƙo daga bayan bagadi yana tambaya ko akwai sauran shaidu.

Rebeka ta juya ga matan Luggere. Ta tura mata biyu suka zaƙulo Mama Virtue daga bayan tankin ruwa. Ta fasa ledar ruwa, ta wanke mata wuya da ɗankwalinta. Matan baya suka dawo kujerun gaba, suka ɗauki waƙa ba ganga, aka ƙarasa ɗaurin auren.

Da za su koma Numan, Mama Virtue ta ce, "Gaskiya ɗanmu ya shiga gidan mutane." Hannun Rebeka take riƙe da shi lokacin da take faɗa. Edna na tsaye a gefe, leshinta bai bushe ba.

Ranar Litinin Abba ya ɗaga kai ya ga kwalin firintar a ƙofar shagonsa, Madam Edna a bayansa da ledar ruwa a hannu.

"Ɗiga in gani," ta ce.

Ta musanya da ta biyun. Katin farko da sabuwar firintar ta fitar, Edna ta kai shi Luggere da ƙafarta.

Darasi: Kada ƙyalli ya zaɓa maka, ko a kaya ko a mutane. Ka tsaya a gwada, ka saurari mai faɗa maka gaskiya, kuma kada ka tura baya waɗanda suka riƙe ka tun ba ka da komai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin biki a watan Maris.