Ranar Da Baba Shago Ya Raba Awakinsa

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama.

Akwai wani matashi mai suna Abdulkabir, ma'aikacin lafiya ne da aka tura wani ƙauye a gefen Tsanyawa. Ƙaramin asibitin da ya samu a can mutanen ƙauyen ne suka gina da hannunsu. Musulmi da Kirista suka yi gayya, maza na buga bulo, mata na ɗebo ruwa, don sun gaji da shiga mota zuwa gari a kan ɗan zazzaɓi. Kuɗin kati kaɗan ne, wanda ba shi da shi ma ba a korarsa.

Abdulkabir ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Bakano ne, da Hausa ya buɗe baki. Amma da zarar ya rataya abin awon ƙirji a wuya, sai Hausar ta gudu ta bar shi da Turanci. Gaisuwa kuwa a wurinsa ɓata lokaci ce.

Wata safiya a farkon damina, wani tsohon manomi mai suna Baba Shago ya shigo yana dogara sanda. Kirista ne, kuma duk ƙauyen an san shi da noma da yawan raha.

"Sannu da aiki, ɗana. Ina gajiya? Ya ruwa?"

Abdulkabir bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Yes, mene ne problem ɗin?"

Tsohon ya haɗiye sauran gaisuwarsa, ya nuna gwiwoyinsa. Abdulkabir ya latsa nan, ya lanƙwasa can, ya girgiza kai.

"Arthritis ne. Kuma chronic."

Baba Shago ya juya sunan a ransa. Ya san shawara, ya san basir, ya san ƙyanda. Bai taɓa jin ciwon da ke da suna da sunan mahaifi ba.

Ya ce a hankali, "Likita, yana warkewa kuwa?"

"Ba ya warkewa. Ga wannan ka riƙa sha kafin lokaci ya yi. Next!"

Lokacin da Abdulkabir yake nufi shi ne ranar da tsohon zai dawo a sake duba shi. Bai ga dalilin yin ƙarin bayani ba. Baba Shago ya karɓi maganin da hannu biyu, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi sama, ya ce, "To, Allah, mun gode." Ya tafi.

Tun daga wannan rana, asibiti ya fara bushewa. Yau mutum biyu, gobe ɗaya, jibi sai wata kaza da ta shigo ta leƙa ta fita. Abdulkabir ya ɗauka ƙwarewarsa ce ta kori ciwo daga ƙauyen. Har hoton bencin da ba kowa ya ɗauka ya tura wa abokansa na birni.

Ana haka sai ga Malam Usaini, malamin Islamiyya, wanda shi ne shugaban kwamitin asibitin. Ya yi sallama ya zauna.

"Malam Abdulkabir, ka je sallama da Baba Shago kuwa?"

"Tafiya zai yi?"

"Ai kai ka fi mu sanin inda za shi. An ce kai ka sa masa rana."

Abdulkabir ya miƙe. Ya bi Malam Usaini a baya ba tare da ya ƙara tambaya ba.

A hanya suka wuce gonar Baba Shago. Duk gonakin da ke kewaye an yi musu noman farko, tasa kuwa ciyawa ta kusa shanye geron. Malam Usaini ya nuna ta da sanda, ya ce, "Ya ce ba zai nome abin da ba zai ci ba."

Ƙofar gidan ta cika maƙil. Fasto ya zo, liman ya zo, surukai sun zo daga Ɗanbatta. A tsakar gida Baba Shago na kishingiɗe a kan tabarma, sanye da babbar rigarsa ta zuwa coci, yana gaigayar cinyar kaza. Tun ranar da ya dawo daga asibiti yake sa a yanka masa kaza kullum, wai bai ga wanda zai bar wa su ba.

Awakinsa ya rabar. Kekensa ya bayar. Garmarsa ma ta tafi. Da dukiya ta ƙare sai ya koma rabon gaskiya. Duk wanda ya durƙusa don yin bankwana sai ya tashi da tasa.

Lokacin da Abdulkabir ya shigo, wani dattijo mai suna Abel, mai jan waƙa a coci, shi ne a gabansa.

Baba Shago yana cewa, "Abel, tun muna samari kake waƙa, tun muna samari nake haƙuri. Ka ji tsoron Allah, ranar jana'izata ka yi shiru."

Matarsa Susanna na gefe, idonta ya yi ja don kuka. Ita ma ta samu rabonta tun jiya: an shaida mata cewa gishiri ya yi wa miyarta yawa tun daga ranar da aka kawo ta gidan.

Da jama'a suka hango Abdulkabir, sai suka zuba masa ido. Wasu suka ja da baya. Ya ji wata mata mai goyo, Muhsina, tana raɗa wa ta kusa da ita:

"Yau kwana nawa jikin yaron nan kamar wuta. Amma wallahi ba zan kai shi a yi masa Turanci ba. Gara ya zauna da ciwon da na san sunansa."

A nan ne Abdulkabir ya gane. Ashe ba lafiya ce ta hana mutane zuwa ba. Tsoronsa suke ji.

Ya cire takalminsa. Ya cire abin wuyansa ya tura aljihu. Ya je ya durƙusa a gefen tabarmar.

"Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Baba Shago ya ajiye ƙashin kazar. Ya ce, "Ikon Allah! Ashe ka iya Hausa? Ko dai an matso da ranar ne?"

"Baba, ka yafe mini. Babu wata rana. Ciwon da na faɗa maka sanyin ƙashi ne."

"Sanyin me?"

"Sanyin ƙashi, Baba. Na gwiwa. Ba ya kisa. Ka sha magani, ka riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, ka rage ɗaukar kaya masu nauyi. Lokacin da na ce, na dawowarka asibiti ne."

Baba Shago ya tashi zaune da saurin da ba a taɓa gani ba a wurin mai ciwon gwiwa.

"Sanyin ƙashi? Wanda kakata ta yi ta fama da shi har ta ga jikokin jikokinta? Yaro, a kan sanyin ƙashi na cinye kajina kaf?"

Ya juya ya dubi taron. Abel ya harɗe hannu yana kallonsa. Susanna ta share hawaye, ta gyara ɗaurin zani, ta miƙe.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda kana nan. Daga yau ga tukunya can, ga gishiri, ka auna da kanka."

Tsohon ya kama hannun Abdulkabir, ya rage murya. "Ɗana, ba za ka iya cewa ciwon yana taɓa ƙwaƙwalwa ba? Ko kaɗan ne, don a ce ba a hayyacina na yi maganganun nan ba?"

"Baba, ƙarya ba kyau."

"To faɗe shi da Turanci mana, wa zai gane?"

Gidan ya ɓarke da dariya, har liman sai da ya riƙe ciki. Abdulkabir ya yi amfani da wannan sararin ya matsa wurin Muhsina. Ya gaishe ta, ya nemi izini ya taɓa goshin yaron. Ya yi mata bayani dalla-dalla cewa ga alama zazzaɓin cizon sauro ne, za a ɗan ɗiga jini a tabbatar, kuma maganin na nan a asibiti. Ta dubi Malam Usaini, ya gyaɗa mata kai, ta bi su. Yaron ya samu magani a ranar, kuma Allah ya ba shi lafiya.

Kwamiti bai kai ƙarar Abdulkabir ba, amma sun yanke masa hukunci. Shi ya bi gida-gida yana ba da haƙuri yana karɓo awakin Baba Shago. Akuya ɗaya ta ja shi cikin taɓo da farar rigarsa. Ranar Asabar kuma aka yi gayyar nome gonar, aka miƙa masa fartanya. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo, mata suna ta tambayarsa ko wannan ma yana da suna da Turanci.

Daga nan ya canza. Benci ya sake cika, har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa. Sai dai shi mutum ne da in ya kama abu ba ya kama shi da wasa.

Ran nan wata tsohuwa, Inna Kaltume, ta shigo tana riƙe da ƙafa. Abdulkabir ya miƙe tsaye.

"Inna, sannu da zuwa. Ina kwana? Ina gajiya? Ya mutan gida? Ya jikoki? Ya ruwa? An gama noma? Ya tumaki? Ya wajen su..."

Tsohuwar ta ɗaga masa hannu tana cije leɓe.

"Likita, Allah ya yi maka albarka. Duk suna lafiya. Kunama ce ta harbe ni, ka yi mini allurar, ma ƙarasa gaisuwar daga baya."

Darasi: Magani mai sauƙin kuɗi ba ya amfani idan mara lafiya na tsoron mai ba da shi. In Allah ya ba ka ilimi, ka gaida mutane, ka girmama su, ka yi musu bayani da harshen da suke ji, ka tabbata sun gane kafin su tashi. Ku tura wa duk wani ma'aikacin lafiya da kuka sani, da duk wanda Turanci ke shaƙe wa wuya.