Darar Dila

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Dila sarkin wayo ne ya haƙa gurabun dara a ƙofar gidansa, ya ce kowa ya zo ya buga kyauta. Kunkuru kuwa gwani ne, ba mai iya masa.

Ran nan sai Kura ta zauna gaban Kunkuru da 'ya'yan dara ashirin, shi nasa sha biyu.

Kunkuru ya ce, "Malam Dila, yaushe dara ta koma haka?"

Dila ya ce, "Kaza Kura ta ba ni, na ƙara mata 'ya'yan dara. Kai ma kawo taka."

Kura ta cinye Kunkuru wasa uku a jere, tana ƙyaƙyata dariya. Kunkuru yana son darar nan kamar ransa, amma ya ja jiki ya koma gida.

Bayan kwana biyu sai ga Dila. "Gwani, dawo don Allah. Kura ta ce ba sauran kaza in babu gwanin da za ta riƙa kayarwa."

Kunkuru ya ce, "Ashe ni kake sayarwa." Ya mai da kansa cikin ƙoƙon bayansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.