Tsohuwar da Ta Jira a Tsakiyar Rafi

A wani ƙauye da ke gindin dutse, akwai wani manomi da yake zaune da matarsa da tsohuwar mahaifiyarsa. Kada ku ɗauka malalaci ne. Kafin rana ta fito yana gona, rumbunsa kuwa bai taɓa rasa hatsi ba. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa. In ya ce zai taya ka rufin ɗaki da rani, ka kwantar da hankalinka, zai zo har da igiyarsa. Manyan alkawura ba sa gagararsa. Ƙananan ne suke zube masa a hanya.

Bai iya ce wa mutum a'a ba. Matarsa ta ce tuwo ya sauka, sai ya ce, “Ina zuwa.” Tuwon ya huce har ya yi ɓawo. Maƙwabci ya leƙo ya ce awakinsa sun shiga lambun mutane, sai ya ce, “Yanzu-yanzu.” Kafin yanzun nasa ya iso, awakin sun ƙoshi sun kwanta suna tuƙa. A buga ƙararrawar sujada, ya ce, “Ku yi gaba, ina bayanku,” ya shigo ana addu'ar tashi. Mutanen gari suka gaji da magana, suka sa masa suna Ina-Zuwa, a kira shi da sunan ya amsa yana dariya. Abin tausayin shi ne, ba ƙarya yake nufin yi ba. Duk lokacin da ya faɗa, a cikin ransa da gaske yana zuwa.

Gonar mutumin nan tana hayin wani rafi da yake gangarowa daga kan dutsen. A inda ake ƙetarewa, rafin ya rabu biyu, da tudun yashi a tsakiya. Reshen da ke wajen gonaki bai wuce idon sawu ba. Na wajen gari shi ne mai zurfi, yakan kai cinya, ga duwatsu masu santsi a ƙasansa. Tun kakanni mutanen garin suna da ƙa'ida guda: in hadari ya rufe kan dutse, duk wanda yake hayi ya ajiye fartanya ya ƙetaro, ko da rana tana dukansa a ka. Gama ruwan da ya faɗi a kan dutse ba ya sallama. Yana iya saukowa ya cika rafin daga wannan gaɓa zuwa waccan, alhali ko ɗigo bai taɓa gona ba.

Wata rana da damina, tsohuwar ta ce za ta bi ɗanta gona ta tsinko yakuwa da kuɓewa. Ƙafafunta sun riga sun yi rauni, don haka da suka zo reshe mai zurfi ya riƙe hannunta ya ƙetar da ita a hankali. Ya shiga huɗar dawarsa, yana ta da kunyoyi da garma, ita kuma ta shiga tsinkarta.

Da rana ta karkata, tsohuwar ta ɗaga kai ta ga kan dutse ya yi baƙi ƙirin. Ta ce, “Ɗana, dubi dutse. Mu tafi.”

Ya duba, ya gani. Ya kuma dubi samansa, ga rana tarwai. Ya ce, “To, Inna, yanzu-yanzu. Bari in kai wannan kunyar ƙarshe.”

Ta zauna a gindin kaɗanya da ƙwaryarta. Ya kai ƙarshen kunyar, sai ya ga ta kusa da ita ma ba ta da tsawo, ƙasa kuma ta yi laushi, garma tana shiga kamar cikin tuwo. Ya ce a ransa, wannan ai ba za ta ɗauki komai ba.

Tsohuwar ta miƙe da sandarta, ta ce, “Ni tafiyata ba sauri. Bari in yi gaba, ka same ni a kan yashi.”

Ya ce, “Yi gaba, Inna, ina bayanki.”

Ta lallaba ta ƙetare ƙaramin reshen, ta hau tudun yashi ta tsaya, domin babban reshen ya fi ƙarfinta ita kaɗai.

Tana nan tsaye sai ga wani maƙwabcinsu mai suna Dogara, ya taso daga tasa gonar da fartanya a kafaɗa, yana sauri. Ya ce, “Inna, me kike yi a nan? Ba ki ga dutse ba? Kawo hannunki in ƙetar da ke.”

Tsohuwar ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Dogara. Ɗana ya ce yana bayana.”

Ta san halin ɗanta sarai, ita ta haife shi. Amma ba ta so a shiga gari ana cewa ɗan wani ne ya riƙo hannunta, nata ɗan yana can gona da ransa da lafiyarsa. An riga an yi masa dariya da yawa, ba ta so ta ƙara masa.

Dogara bai yarda ba. Ya juya wajen gona ya ɗaga murya, “Kai, Ina-Zuwa! Ga Inna a tsakiyar rafi. In wuce da ita ne, ko kana tafe?”

Da a ce manomin nan ya ce, “Wuce da ita, ban gama ba,” da shi ke nan, da ba ni da labarin da zan ba ku yau. Amma bakinsa bai saba da wannan maganar ba. Ko ɗagowa bai yi ba, ya amsa, “Bar ta, ga ni nan! Saura kaɗan!”

Sai Dogara ya shiga ruwa ya ƙetare, ya nufi gida.

Manomin yana tsakiyar wata kunyar sai ya ji ƙara daga wajen dutse, kamar garken shanu ya taso a guje. Ya san wannan ƙarar tun yana yaro. Ya yar da garma ya sheƙa. Ko da ya isa gaɓa, ƙaramin reshen da bai wuce idon sawu ba ya zama jan ruwa mai kumfa, yana tafe da itatuwa da karan dawa. Tudun yashin yana ta raguwa. Ya hango mahaifiyarsa, ruwa ya kai mata gwiwa, ta dogara da sanda, ƙwaryar yakuwa har yanzu tana kanta. Shi take kallo.

Ya faɗa ruwan. Ruwan ya ɗauke shi ya maka shi da saiwar wani itace a gaɓa, ya riƙe saiwar da ƙyar. Da ya share ido ya sake dubawa, babu yashi, babu kowa.

Kashegari mazan gari suka same ta can ƙasa, a cikin ciyayin bakin ruwa. Aka kawo ta gida, aka yi mata sutura, aka binne ta.

A wurin zaman makoki, duk wanda ya zo gaisuwa sai manomin ya riƙe hannunsa ya ce, “Ban daɗe ba fa. Ɗan lokaci kaɗan ne.” Ba wanda ya musa masa, gama gaskiya ya faɗa, bai daɗe ba. Ba kuma wanda ya sami abin da zai ta'azantar da shi. Dogara yana zaune a gefe, kansa a sunkuye. Daga ranar ba a ƙara jin wani ya kira manomin da sunan tsokanar nan ba, har ya fi so a ce an ci gaba da kiransa.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana.

Manomin nan ni da kai ne, masu zuwa sujada, masu kirki a idon jama'a. Kunyoyin dawa su ne ayyukanmu na yau da kullum, kuma ba mugayen ayyuka ba ne. Noma ba zunubi ba ne. Baƙin da ya rufe kan dutse shi ne gargaɗin da Ubangiji yake aiko mana tun da sauran dama, ta bakin Maganarsa, ta bakin wani ɗan'uwa, ko ta wannan ɗan motsin da kake ji a zuciya ka danne. Ruwan kuwa shi ne sa'ar da ba a hannunmu take ba. Tsohuwar da ke kan yashi ita ce duk wanda ya tsaya yana jira domin ka ce kana zuwa.

Ku lura da kalmomin da muke kashe lokaci da su. An jima. Nan ba da daɗewa ba. Bari in ɗan gama. Masu agogo a hannu kuma sun ƙaro nasu, minti ɗaya, minti biyu. Duk ƙanana ne, shi ya sa ba ma jin nauyinsu. Mutumin da zai ji tsoron cewa, “Ba zan tuba ba,” ba ya jin komai in ya ce, “Zan tuba, bari dai in ɗan natsu.” Wanda ba zai iya buɗe baki ya ce, “Ba zan gafarta wa ƙanena ba,” yakan ce, “Zan neme shi kwanan nan.” Ni dai ban taɓa binne mutumin da ya ce wa Allah a'a ƙiri-ƙiri ba. Amma na tsaya a bakin kabarin masu cewa an jima da yawa, kuma ina gaya muku, abin yana ci mini rai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Da manomin ya ce ba ya zuwa, da mahaifiyarsa ta kama hannun Dogara ta isa gida. Alkawarinsa ne ya tsayar da ita a inda ruwa zai bi. Sa'ad da ka ce wa mara lafiya za ka zo ka kai shi asibiti, ya daina neman wani. Sa'ad da ka ce wa gwauruwa za ka leƙo da hatsi, ta daina roƙon maƙwabta. Maganarka ta rufe musu sauran ƙofofi, kai kuwa kana can ka manta ka faɗa. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba. Za a ji haushinka na yini guda, amma mutumin zai nemi wata hanya.

Ubangiji mai jinƙai ne, yana gafarta har irin laifin manomin nan in ya zo da karyayyar zuciya. Amma gafara ba ta dawo masa da mahaifiyarsa ba, ya ɗauki wannan nauyin har tsufansa. Saboda haka kafin mu rufe ido mu yi addu'a, kowa ya tambayi kansa, wa na ce wa ina zuwa, har yau ban je ba? Na san wani suna ya riga ya faɗo maka a rai. In an tashi daga nan, kada ka biya gida ka ci abinci tukuna. Mutumin nan yana tsaye, kai yake kallo.