Gafiya da Gyaɗa Dubu da Ɗaya

Wata rana bayan an cire gyaɗa, Gafiya mai haɗama da Kurege mai tsiwa da Bushiya mai sanyin hali suka tafi kala a wata gona. Da suka tara abin da suka tsinto, aka ƙirga, ƙwaya dubu da ɗaya.

Al'adar dajin ita ce, abin da ya saura bayan an raba daidai na mai rabo ne. Kuma duk wanda ya tarar ana rabo yana da kashi.

Gafiya ta yi wuf ta ce, "Ni ce babba, ni zan raba. Dubu da ɗaya mara ce, ba cika ba. Ko ta yaya aka raba ta sai ta bar saura."

Ta kasa uku. Kowa ya sami ɗari uku da talatin da uku, biyu suka rage.

"Biyu kacal? Duk wannan wahalar?"

Kurege ya ce, "Yaya Gafiya, kwashe ki yi hamdala. Wahalar me kika sha, ke da rabin kalar a inuwa kika yi shi?"

"Rufe mini baki, mai jelar tsintsiya! Masu kashi ne suka yi kaɗan, shi ya sa sauran ya yi kaɗan."

Ta leƙa rami ta kira ɓeraye uku, ta hautsina gyaɗar, ta kasa shida. Kowa ɗari da sittin da shida, biyar suka rage.

Gafiya ta daka tsalle. "Kun gani? Biyu ta zama biyar!"

Bushiya ta ce, "Yaya, dubi tulin gabanki mana, ya rame."

"Wa ya tambaye ki? Saura nake magana."

Can sai ga Kunkuru yana jan jiki zai wuce. Gafiya ta ƙwala masa kira, "Baba Kunkuru, bismilla, ana rabo!"

Kurege ya ɗora hannu a ka. "Wayyo, za ta gayyato dajin nan kaf!"

Ta kasa bakwai. Kowa ɗari da arba'in da uku. Ta duba ƙasa, wayam. Ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga jela, ko ɓawo babu.

"An yi mini sata! Mara ba ta rabuwa daidai!"

Kurege ya ce, "Gida biyu ne ba ta rabuwa, uwar lissafi. Wa ya ce miki ta yi rantsuwa a kan bakwai?"

"To a sake! A kira na takwas!"

Ina! Ɓeraye sun riga sun shige rami da nasu. Kunkuru kuwa ya kife a kan kashinsa, ya janye kai, daga ciki ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Gobe ma a nan za a raba?"

Darasin wannan labari shi ne, mai zura ido kan ɗan abin da ya saura yakan zubar da babban abin da ke hannunsa. Kuma rabin sani ya fi jahilci tsada.