Jan Furen Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta taho, mun kasa kunne.

Wata mata ce, sunanta Tasalla. 'Yarta ɗaya tal, Kyauta, zazzaɓi ya ɗauke ta da bazara. Tasalla ta yi kuka har hawaye ya ƙafe.

Ran nan a bakin rijiya, sai wata tsohuwar aljana ta miƙo mata iri a ƙullin tsumma. Ta ce, "Ki shuka a gindin danga, inda rana ke wuni, ba ya son inuwa. In ya yi fure za ki ji muryar 'yarki. Amma na damina ɗaya ne. In ya tashi bushewa ki ƙyale shi, ki tara iri don baɗi."

Ruwa ya sauka, Tasalla ta shuka. Ta zuba taki, ta cire ciyawa, ta kori kaji. Ya tsiro, ya girma, ya yi fure ja wur. Da safe sai ta ji, "Inna, ina kwana?"

Tasalla ta durƙusa nan, ta wuni cikin rana suna hira.

Ana nan, furannin farko suka fara yaushi. Ta tsinke su, sababbi suka fito. Muryar ta ce, "Inna, bar ni in yi iri."

Tasalla ta ce, "Na ga bushewarki sau ɗaya, ba na ƙarawa."

Suka sake yaushi, ta sake tsinkewa.

"Inna, bar ni in yi iri."

"Gobe, 'yar nan, gobe."

A karo na uku, muryar ta dushe, da ƙyar ake ji. "Inna, bar ni." Tasalla ta kau da kai, ta tsinke.

Sai ruwa ya ɗauke. Kara ya bushe ƙayau, ba fure, ba iri, ba murya. Tasalla ta tona ƙasa da farce har jini ya fito. Sai ga tururuwa za ta wuce.

Ta ce, "Tururuwa, don Allah, ko ƙwaya ɗaya?"

Tururuwa ta ce, "Akwai fure ɗaya da ya ɓuya miki a bayan danga, ya bushe, na samu ƙwaya ɗaya."

"Ina take?"

"'Ya'yana sun cinye jiya. Ni ma uwa ce."

Tasalla ta zauna a ƙasa, ta rasa ko kukan da za ta yi.

To, yara, in kuna son abu, ku bar shi ya cika lokacinsa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. In da ƙarya a ciki, ku tambayi gizo.