Kuɗin Fiton Jatau Marini

An yi wani sarki a wata ƙasa da kogi ya ratsa ta tsakiya, mai ƙaunar ilimi, har ya gina makaranta a ƙetaren ruwa domin 'ya'yan masunta da manoma. Ya naɗa dattawa huɗu su riƙa kula da al'amuranta, ba albashi sai ladan Allah, amma ya yi umarni duk abin da ɗayansu ya kashe a hidimarta Ma'aji ya mayar masa daga baitulmali.

A cikin huɗun nan akwai Waziri Haladu, akwai kuma wani talaka marini, Jatau, wanda ruwan baba ya rine hannuwansa har gwiwar hannu. Duk ƙarshen wata Jatau kan zo fada a mayar masa da kuɗin fito, wuri arba'in zuwa, arba'in dawowa. Sarki kan jawo shi kusa ya tambaye shi labarin ɗalibai, su daɗe suna hira har da dariya. Shi kuwa Waziri shekara ashirin yana gefen karaga, bai taɓa sa sarki dariya irin wannan ba, abin ya riƙa ƙona masa rai.

Ran nan fada ta cika, sai Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki, ba hassada ta sa ni magana ba, amana ce. Sau uku ina ƙetare kogin nan, ban taɓa biyan ko wuri ɗaya ba, saboda haka kuɗin fiton da mutumin nan yake karɓa ƙage ne. Ina ganin a tuɓe shi, a kuma soke mayarwar, domin wanda ya yi don Allah ba ya jiran Ma'aji.”

Jatau ya sunkuyar da kai, don ya san in aka tuɓe shi a kan ha'inci, ba mai sake kawo zane karofinsa.

Sarki ya ce, “Waziri, gobe ka ajiye alkyabba da rawani da fadawanka, ka sa tsohuwar taguwa, ka je mini makarantar ba ko wuri a aljihunka, ka dawo ka ba ni labari.”

Waziri ya yi sammako yana murna. Ya ɗaga ƙafa zai shiga jirgi, mai fito ya tare shi da sandar tuƙi, ya ce, “Baba, wuri arba'in.”

Ya ce, “Ai ba a biya.”

Mai fito ya ce, “Ba a biya? Gadonka ne jirgin? In kada ce ta haife ka, ga ruwa nan, bismilla!”

Mata masu tallar kifi suka kwashe da dariya. Sai da ya ba da hularsa jingina aka ƙetare da shi. A makaranta ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma, balle a kawo fura. Ya ga ɗakin da rufinsa ya rufta, wanda a zuwansa na baya ba a taɓa bi da shi ta wajen ba. Da zai dawo, takalmansa ya bari.

Ya iso fada da la'asar ƙafa duk taɓo. Zuciyarsa ta raya masa ya ɓoye, amma ko da yake mahassadi ne, ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ashe alkyabbata ce take biya mini.”

Sarki ya juya ga Jatau, ya ce, “To, batun soke mayarwa fa?”

Jatau ya ce, “Ranka ya daɗe, wuri tamanin a wajen Waziri ba su kai goron safiya ba, a wajena kuwa tuwon iyalina ne na kwana biyu. In aka soke, sai mawadaci kaɗai zai iya kula da makarantar talakawa, shi kuwa ana share masa hanya kafin ya iso.”

Sarki ya sa a kawo wa Jatau alkyabba, shi kuwa ya yi godiya, ya ce in ya yafa ta shi ma abin da aka shirya kawai za a riƙa nuna masa. Sarki ya yi dariyar nan da ke ƙona ran Waziri, ya ba shi gida da gona, ya shugabantar da shi a kan dattawan huɗu. Waziri kuwa yana gefe yana jiran nasa hukuncin.

Sai sarki ya ce, “Ma'aji, a fanso wa Waziri hularsa da takalmansa daga baitulmali, domin a hidimar makaranta ya rasa su.”

Daga adalcin shugaba ne kada ya ɗora wa mutum amana, sannan ya bar shi da kuɗin fito.